SANIN ALLAH KAFIN ZUWAN LITTAFI: MAGUZAWA, ISAWA DA 'YAN MISHAN A ƘASAR DUTSE DA KEWAYENTA

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bi diddigin wata tsohuwar mas'ala ta tauhidin Kirista, mu ga yadda ta kaya sa'ad da ta sauka a ƙasar Hausa, musamman a yankin Dutse da ƙasashen da ke ƙarƙashin masarautarta a yau, watau Kiyawa da Jahun da Miga da Buji da Birnin Kudu da Gwaram. Mas'alar kuwa ita ce: shin ɗan Adam yana iya sanin Allah ta hanyar duban halitta da sauraron zuciyarsa kaɗai, ko kuwa sai Allah ya yi masa magana ta bakin annabawa da Littafi? In har yana iya sani, to, wannan sani ya isa ya kai shi ga tsira?

Malaman Kirista sun raba bayyanar Allah ga mutane gida biyu. Akwai ta gama-gari, wadda ta game kowa a kowane zamani, ta hanyar sammai da ƙasa da juyawar damina da rani da kuma lamirin da ke cikin ƙirjin mutum. Akwai kuma ta musamman, wadda aka yi wa wasu mutane a wani lokaci sananne, watau tarihin Bani Isra'ila da annabawansu, da Littafi Mai Tsarki, da Yesu Almasihu kansa, wanda Kirista ke ɗauka shi ne cikamakinta. Da gangan muka ce "bayyana", muka kauce wa kalmar "wahayi" a kashin farko. A kunnen Bahaushe wahayi abu ne da ake yi wa annabi. Wanda ya ce an yi wa manomin Gwaram wahayi domin ya dubi hadari ya tuna da Mahaliccinsa, to, ya jawo wa kansa gardamar da ba ta da alaƙa da abin da yake nufi.

2.0 Asalin mas'alar a taƙaice

Tushen zancen yana cikin Littafi Mai Tsarki. Zabura ta 19 ta fara da shaidar da sammai ke bayarwa a kan ɗaukakar Allah, sa'an nan ta juya ga Shari'a, watau ta haɗa hanyoyin biyu a waƙa guda. Manzo Bulus, a sura ta 1 ta wasiƙarsa ga Romawa, ya ce ikon Allah da allahntakarsa a bayyane suke cikin abubuwan da ya halitta, har ba wanda ke da hanzari, amma mutane sun danne wannan gaskiya sun koma ga bautar halitta. A sura ta 2 ya ƙara da cewa al'umman da ba su da Attaura suna da shari'a rubuce a zukatansu. A Ayyukan Manzanni sura ta 14, da yake magana da manoman Listira, bai kawo musu ayar Attaura ko ɗaya ba, ruwan sama da albarkar gona ya kafa musu hujja da su.

Daga nan malamai suka rabu. Toma Akwinas, a ƙarni na 13, ya kawo hanyoyi 5 da hankali ke bi ya tabbatar da samuwar Allah, ko da yake ya ce Triniti sai ta hanyar bayyana ta musamman ake saninsa. Cocin Katolika ta mai da wannan ra'ayi aƙida a babban taronta na Batikan na farko a 1870. Yohanna Kalbin, a ƙarni na 16, ya yarda cewa an dasa wa kowane mutum jin samuwar Allah a zuciya, amma ya ce zunubi ya dushe idon ɗan Adam, sai da tabarau na Littafi yake iya karanta abin da ke rubuce a jikin halitta. A 1934 kuwa aka yi zazzafar jayayya tsakanin Emil Brunner da Karl Barth, dukansu 'yan Siwizalan. Brunner ya ce akwai wata mahaɗa a cikin mutum wadda bishara ke kamawa. Barth ya ce sam babu, domin ya ga yadda wasu Kiristocin Jamus suka mai da jini da ƙasa da Hitila wata sabuwar bayyanar Allah. Wannan ya ishe mu shimfiɗa. Abin lura shi ne, dukan waɗannan malamai suna da siffar wani mutum a ransu, mutumin da bai taɓa jin labarin wani Littafi ba, shi da sararin sama kawai. Tambayarmu ita ce ko an taɓa samun irin wannan mutum a ƙasar Dutse.

3.0 Ƙasar Dutse kafin zuwan mishan

Dutse tsohon gari ne. Tarihin Kano ya ambace shi a zamanin Sarki Abdullahi Burja (1438–1452), wanda aka ce ya auri 'yar Sarkin Dutse. Kafin wannan da kusan shekara ɗari, a zamanin Sarki Yaji (1349–1385), Wangarawa suka iso Kano da Musulunci. Wajen 1807 Fulani masu jihadi, ƙarƙashin Salihi da Musa, suka karɓi mulkin Dutse, ƙasar ta zauna cikin masarautar Kano har bayan zuwan Turawa a 1903. Sai a 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedkwata.

Akwai shaidar wani tsohon addini da ya riga duk wannan. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu a jikin kogo, da kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su. Bernard Fagg, wanda ya yi nazarinsu a shekarun 1950, ya tarar har lokacin ana kai amare wurin kafin aure. Ke nan al'adar ta daɗe a raye bayan da jama'ar garin suka zama Musulmi.

Waɗanda suka riƙe addinin gargajiya sosai su ne Maguzawa, tare da Warjawa a gefen kudu, wajen iyaka da ƙasar Ningi. Masana da dama suna ganin sunan Maguzawa daga kalmar Larabci "Majusu" ya fito, kuma ba don zagi aka laƙaba shi ba, don shari'a ne: Majusawa suna cikin waɗanda fiƙihu ya yarda a karɓi jizya daga gare su a bar su da addininsu. Da wannan suna aka ba Bamaguje wurin zama a cikin daular Musulunci. Yana noma, yana biya, yana cin kasuwa ɗaya da Musulmi, yana zuwa wurin malami neman laya, malami kuma ba ya rasa zuwa wurinsa neman sassaƙe.

4.0 Allah a bakin Bamaguje

A nan ne mas'alar ta yi nauyi, saboda haka za mu ɗan daɗe a kanta.

Joseph Greenberg, Ba'amurken da ya zauna da Maguzawan lardin Kano a 1938 da 1939, ya kuma buga littafinsa a 1946, ya tarar da wani tsari wanda masu bincike na baya, irin su Jerome Barkow da Murray Last, suka sake gani a wasu sassan. Bamaguje bai musun Allah. Ya san shi ne ya yi sama da ƙasa, shi ke ba da ruwa, shi ke kashewa da rayawa. Yana rantsuwa da sunansa, yana cewa "Allah ya kai mu" kamar kowa. Amma ba ya yi masa yanka, ba shi da wurin bauta masa, ba shi da ranar da ya keɓe dominsa. Hidimarsa duk ga iskoki take, irin su Kure da Inna da Gajimare da Sarkin Rafi, kowanne da irin dabbar da yake so da launinta, kowane gida kuma da iskar da ya gada, wadda ake kira kan gida. Allah yana nesa, kamar yadda sarki ke nesa da talaka. Wanda ke da ƙara ba ya tsallake mai unguwa da dagaci ya faɗa fada kai tsaye.

Ɗan mishan da ya zo da sura ta 1 ta Romawa a kansa, da ya ga haka, sai ya ce ga fassarar ayar tana tafiya da ƙafafunta: mutane sun san Mahalicci ta wurin halitta, amma sun juya ga bautar abin da aka halitta. Malamin Musulunci ma yana da tasa ayar da yake gani a nan, wadda ke cikin Suratu Zumar a kan masu cewa ba sa bauta wa majiɓinta sai don su kusantar da su ga Allah. Kowanne ya ga abin da Littafinsa ya riga ya faɗa masa zai gani.

Sai dai akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa. Sunan da Bamaguje ke kiran Mahalicci da shi na Larabci ne. Maƙwabtan Hausawa suna da nasu sunaye na asali: Bura suna cewa Hyel, Tibi suna cewa Aondo, Jaba suna cewa Nom. Bamaguje kuwa Allah yake cewa. Kalmar da ta fi kama da ta gida ita ce Ubangiji, wadda ake ganin "uban giji" ce, watau uban gida, sai dai da ita da Allah abu guda suke nufi a bakin kowa. Ba sunan kaɗai ya ara ba. Labarin Adamu da Hawwa'u, da mala'iku, da lahira, da raba iskoki zuwa farare da baƙaƙe, har da cewa wasu iskokin Musulmi ne masu salla, duk sun shiga tunaninsa ta hanyar zaman tare na shekara wajen ɗari biyar. Wannan shi ne ainihin abin da littafin Greenberg ya nuna.

To, in haka ne, a wane gida za a sa sanin Allah na Bamaguje? In aka ce bayyana ta gama-gari ce tsantsa, tarihi ya ƙi, domin bai tsinci wannan sani daga kallon taurari kawai ba, ya ji shi daga bakin masu Littafi, waɗanda su ma suna ambaton Ibrahim da Musa da Isa. In aka ce ta musamman ce, malamin Kirista ba zai yarda ba, domin bai lissafa Alƙur'ani cikinta. A ganinmu mutumin nan da Akwinas da Kalbin suke zance a kansa, wanda ba shi da malami sai sama da lamirinsa, babu shi a ƙasar Dutse tun ƙarni da yawa kafin Bature ya taka ta. Ba muna cewa ne kakannin Maguzawa ba su san wani Maɗaukaki ba kafin Wangarawa. Abin da muke cewa shi ne, gari da ruwa sun riga sun haɗu sun zama fura, ba mai iya ware su yanzu ya ce wannan daga halitta ne, wancan daga malam.

Ya dace mu ambata, ko da a gurguje, cewa wannan tambaya ba baƙuwa ba ce ga malaman ƙasar. Ɗaliban tauhidi a zaurukan Kano da ƙauyukanta suna karanta Ummul Barahin ta Sanusi, inda ake kafa hujja da faruwar halitta a kan samuwar Mahalicci. Suna kuma sane da hukuncin mutanen fatara, waɗanda manzo bai iske su ba, da ayar Suratul Isra'i mai cewa ba a azabtarwa sai an aiko manzo. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya yi rubutu yana tsawata wa ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilmin kalami ba. Kalmar "aya" ma, a Hausa kamar a Larabci, tana nufin layin Littafi, tana kuma nufin abin al'ajabi a halitta. Ke nan rabon nan gida biyu yana da takwaransa a ƙasar tun kafin a fassara shi daga Turanci.

5.0 Isawa

Akwai wata jama'a da ta ƙara dagula lissafin. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, wani malami mai suna Ibrahim ya tara almajirai yana koyar da fifikon Annabi Isa, kuma daga Alƙur'ani da tafsiri ya ciro karatunsa, ba daga Linjila ba. An kashe shi a kasuwar Kano saboda ya ƙi janye maganarsa. Mabiyansa, da ake kira Isawa ko Bani Isra'ila, suka watse zuwa bakin iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, wasu suka fake a ƙasar Ningi. Ningi kuwa, tun da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa wajen 1846 suka kafa mulki a duwatsunta, ita ce mafakar masu gudun sarakunan Fulani, kuma daga can ne hare-hare suka riƙa addabar ƙasar Birnin Kudu da Dutse har ƙarshen ƙarnin.

A 1913 wasu daga zuriyar Isawa suka iske Likita Walta Mila na mishan ɗin CMS a Zariya. Aka kafa musu mazauni a Gimi, ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, ragowar suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Daga wannan tsatso ne Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. 'Yan mishan sun ɗauki labarin Isawa shaida ce cewa Allah ya riga su shiga ƙasar. Amma ta wace ƙofa? Ba ta halitta ba, gama ba a karanta sunan Isa ɗan Maryamu a jikin gajimare. Ba kuma ta Littafi Mai Tsarki ba, gama bai iso ba tukuna. Rabon gida biyu bai tanadi ɗaki ga irin waɗannan baƙi ba.

6.0 Mishan da fassara

Tun kafin a daidaita mas'alar a aji, masu fassara sun riga sun yanke mata hukunci a aikace. J. F. Schön, Bajamushen da ya shiga ayarin kogin Kwara na 1841, ya buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857, kuma Allah ya rubuta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda Mila ya yi babban aiki a kansa, ya bi wannan sawu, haka ma fassarar 1979. Wanda ya karɓi sunan da mutane ke kiran Mahalicci da shi, ya ce musu wannan da kuke kira shi nake ba ku labari, ya riga ya yarda akwai mahaɗa, ko da bai taɓa jin sunan Brunner ba. Abin sha'awa kuma, fassarar 1932 ta kira littafin ƙarshe Ru'ya ta Yohanna, ta 1979 ta mai da shi Wahayin Yahaya, watau ta ƙara matsowa kusa da harshen masallaci.

Isowar mishan ƙasar Kano ta yi jinkiri ƙwarai. A 1900 Sarki Alu ya sallami ayarin Bishop Tugwell daga birni cikin 'yan kwanaki. Bayan cin ƙasar, Gwamna Lugga ya yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, jami'an mulki kuma suka riƙa hana mishan zama a masarautu, har a cikin Maguzawa, don gudun ɓata wa sarakuna rai. Mishan ɗin SIM, wadda aka fara a 1893, ta sami ƙofa ne ta hanyar magani: a ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa mata kula da kutare a lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, a 1943 kuma ta buɗe asibitin ido a Kano. A cikin ƙasar da ta zama Jigawa an san tashoshinta a Roni ta Kazaure da Garun Gabas ta Haɗeja. Tsakiyar ƙasar, watau Dutse da kewayenta, ba ta ga Turawan mishan da yawa ba. Aikin ya fi faɗawa a wuyan masu bishara 'yan ƙasa na ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, da ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudancin Zariya da Filato da Kudu. Tsarin coci na sama sai bayan kafa jiha ya zo: Anglikan suka kafa dayosis a Dutse a 1996, Katolika kuma suka ɗaga Kano, wadda ta haɗa da Jigawa, zuwa cikakkiyar dayosis a 1999.

Wannan yana da muhimmanci, domin SIM da ECWA a gefen Kalbin suke, masu tsananin riƙo da cewa babu ceto sai ta wurin jin bishara da gaskatawa. Mai wa'azinsu yana buɗe magana da Bamaguje da ruwan sama da gero, kamar Bulus a Listira, amma yana rufewa da cewa a sare tsafi a daina yanka wa kan gida. Katolika kuwa, bayan taron Batikan na biyu (1962–1965), sun koyar a fili cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya ya bi lamirinsa, yana iya samun tsira. Ga dattijon da ke shirin karɓar baftisma, wannan bambanci ba na littafi ba ne. Ubansa da kakansa suna kwance a bayan gida, sun mutu suna yanka wa Kure, kuma yana so ya ji inda suke kafin ya sa ƙafa a ruwa.

7.0 Byang Kato

Ɗan Arewa da ya fi kowa shiga wannan gardama shi ne Byang Kato, mutumin Kwoi, an haife shi a 1936, ya zama babban sakataren ECWA a 1967. Kundin digirinsa na biyu a makarantar tauhidi ta Dalas a Amurka, a 1971, a kan iyakar bayyana ta halitta ne, kuma addinin kakanninsa Jaba ya ɗauka ya auna. A lokacin Bolaji Idowu na Ibadan da John Mbiti na Kenya suna nuna cewa Allahn da Afirka ta sani tun fil azal shi ne Allahn Littafi, addinin gargajiya kuma share fage ne ga bishara. Kato ya yarda Jaba sun san Nom, kuma saninsu na gaske ne. Amma ya ce wannan haske ya isa ya kama mutum da laifi, bai isa ya cece shi ba. Littafinsa na 1975 gargaɗi ne ga masu neman share wannan iyaka. A watan Disamba na shekarar ya rasu a teku kusa da Mombasa, yana da shekara 39, muhawarar ba ta ƙare ba.

Ra'ayin Kato ne ya zauna a makarantun Littafi Mai Tsarki na ECWA, kuma shi fastocin da suka yi aiki a ƙasar Dutse suka taso da shi. Sai dai ma'auninsa na Jaba ne, inda Nom da Littafi suka haɗu ido da ido ba wani a tsakani. A ƙasar Hausa akwai na uku a tsakani, kuma shi ne mafi rinjaye. Tun daga rangadin musuluntarwa na Sardauna a 1963 zuwa 1965, har zuwa shekarun 1970 da 1980, Maguzawa sun yi ta raguwa, akasarinsu suka musulunta, wasu suka shiga coci, suka kira kansu Masihiyawa don su nuna Hausawa ne su ba baƙi ba. Saboda haka tambayar ta sauya fuska. Da ana tambayar abin da mai tsafi ya sani game da Allah, yanzu kuwa ana tambayar ko Allahn da ake kira a masallacin Garu shi ne wanda ake kira a cocin da ke gefen gari. Wasu Kiristocin Kudu, waɗanda ke da Olodumare da Chukwu a harsunansu, sukan ƙyamaci kalmar Allah su ce ta Musulmi ce. Bamasihiye ba shi da wata. Da ita kakansa ya rantse a gindin tsamiya, da ita maƙwabcinsa ke kiran salla, da ita kuma aka buga masa farkon Littafin Farawa.

Zaman bai rasa tsami ba. Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, kuma a watan Satumba na 2006 aka ƙone coci-coci da dama a Dutse bayan zargin ɓatanci ga Annabi. Duk wanda ya dubi abin da ke haddasa irin wannan rikici zai ga ba a taɓa yin sa a kan wanda ya halicci duwatsun Dutse ko wanda ke saukar da ruwa a fadamar Jahun ba. A kan annabi da Littafi ake yin sa, watau a kan kashi na biyu. A kashi na farko kuwa, in damina ta yi jinkiri, liman yana fita da jama'a roƙon ruwa, fasto yana kiran addu'a a coci, kuma da can Bamaguje ma yana da nasa yankan da yake yi a wannan mako.